Kunnen Makanike da Kuɗin Fetur: Waiwaye kan Kafireta a Mararaban Rido

Duk wanda ya bar garin Kaduna ta Sabon Tasha ya miƙi hanyar Kachia, da zarar ya gota kwanar matatar mai zai iso Mararaban Rido. Nan ce ƙofar kudancin jihar. Daga nan sai Kujama, sai Kasuwan Magani, Kajuru, Kachia, Zonkwa, har a dangana da Kafanchan. A bakin wannan titi, ƙarƙashin wata rumfar kwano, akwai wani dattijo da ya haura shekara arba'in yana gyaran babur a wuri ɗaya. Baba muke ce masa, da mu da muka girma a gabansa da yaran da suka taso jiya. Kwanan baya na yini a bencinsa, kuma kusan duk wanda ya turo mashin, bayan gaisuwa, magana ɗaya yake yi: "Baba, don Allah a rage masa shan mai."

Zamanin mahaifina ba haka ake faɗa ba. Mai babur kan zo ne ya ce, "Ba ya ja, a ƙara masa ƙarfi." Tsakanin waccan magana da wannan akwai kusan shekara hamsin, kuma duk abin da ya faru a cikinsu, daga ƙarin albashin Udoji zuwa cire tallafin mai, ya bi ta kan wani ɗan ƙarfe da bai wuce dunƙulen hannu ba, wato kafireta.

Abin da ke cikin dunƙulen

Fetur shi kaɗai ba ya tayar da inji, sai an gauraya shi da iska, kuma iskar ce ke da kaso mai tsoka. A ma'aunin nauyi, kashi ɗaya na fetur yana bukatar iska kashi 14.7 kafin ya ƙone ƙurmus. Kafireta ce ke yin wannan haɗi, ba lantarki, ba kwamfuta. Maƙogwaronta a tsuke yake daga tsakiya. Idan fistin ya zuƙo iska, tana isa wurin da ya tsuke sai ta ƙara gudu, ta tsotso fetur daga ɗan ƙoƙon da ke ƙasa, ta watsa shi ya zama feshi. Wani masani ɗan Italiya, Giovanni Venturi, ya yi bayanin wannan hali na abu mai gudu a tsukakken bututu tun 1797. Wilhelm Maybach na Jamus kuwa, wanda shi da Gottlieb Daimler suka haɗa babur mai injin fetur a 1885, ya fito da kafireta mai feshi a 1893. Wadda ke jikin babur ƙirar Boxer a yau jikar waccan ce, kuma kamannin bai ɓace ba.

Idan aka kwance ƙoƙon, abin da za a gani kaɗan ne. Akwai fulot da ke yawo a saman fetur. In ƙoƙo ya cika sai ya taso ya tura wata 'yar allura ta toshe hanyar mai, kamar ƙwallon da ke tsayar da ruwa a tankin gida. Akwai jet biyu na tagulla, kowanne da ɗan raminsa. Ƙaramin shi ke ciyar da inji a silo da farkon murɗa totur. Babban shi ke aiki idan aka murɗe totur har ƙarshe. Tsakaninsu kuma, inda mai babur ke yin mafi yawan tafiyarsa, doguwar allura mai tsini ce ke da iko. Tana da gaɓoɓi a kanta, galibi biyar, da ɗan maƙalin da ake matsarwa. A sa maƙalin a gaɓar sama, allura ta sauka, mai ya ragu. A sa shi a ta ƙasa, allura ta ɗaga, mai ya ƙaru. Daga waje akwai noti biyu, na silo da na haɗin iska da mai. Wannan na biyun shi ke rikita sabon yaron shago. In yana ta ɓangaren soson iska, iska yake aunawa, kwance shi rage mai ne. In yana ta ɓangaren inji, mai yake aunawa, kwance shi ƙara mai ne.

Iyakar kayan ke nan. Sauran aikin na kunne ne da ido.

Zamanin Udoji

Kafin babur ya yawaita, jirgin ƙasa da keke ne ke riƙe da kudancin Kaduna. Kafanchan ta zama mahaɗar layin dogo tun 1927, kuma malamin makaranta ko ma'aikacin reluwe da ya mallaki keken Raleigh ya kai mutum. Babur na Turawa ne da 'yan mishan da wasu manyan ma'aikata ƙalilan. Abin ya sauya ne a tsakiyar shekarun 1970, da arzikin man fetur ya shigo, aka yi ƙarin albashin Udoji aka biya har da ariyas a farkon 1975, kamfanoni ma suka bi sahu. Nan da nan titunan Kaduna suka cika da Vespa, da Honda Benly, da Yamaha 100, da Suzuki 100. Kowanne da irin kafiretarsa: Dell'Orto a Vespa, Keihin a Honda, Mikuni a Yamaha da Suzuki. A 1975 Honda ta fito da CG125, wanda aka ƙera don ƙasashen da ake yi wa babur lodi fiye da ƙima ba a kuma kai shi sabis a kan kari. Shi ya sa aka yi masa soson iska da ake wankewa a mayar. A 1979 kamfanin ya kafa masana'antar haɗa babura a Ota ta jihar Ogun.

Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, ma'aikaci ne a wata masaƙa a Kakuri, kuma a 1976 ya sayi jan Suzuki 100. Lita ɗaya ta fetur a lokacin ba ta kai kwabo goma ba. Da na fara wayo, safiyar ranar hutu ta babur ce. Sai ya kafe shi a gindin mangwaro, ya shimfiɗa buhu a ƙasa, ya ciro soson iska ya wanke da kananzir, ya matse, ya ɗiga masa baƙin mai kaɗan. Sannan ya rufe famfon mai, ya kwance ƙoƙo, ya ciro jet ya hura da baki, ya ɗaga shi sama ya leƙa. Sai ya ga hasken rana zagaye tsaf a ramin kafin ya mayar. Bai taɓa yarda a zura waya a jet ba, ya ce tagulla taushi gare ta, ramin zai buɗe. Ni aikina riƙe farantin da ake zuba notuna, kuma ba a yarda ko ɗaya ya faɗi a ƙasa ba.

A 1980 aka buɗe matatar mai ta Kaduna, wadda kamfanin Chiyoda na Japan ya gina, mai ƙarfin tace ganga 100,000 a rana, daga baya aka ɗaga zuwa 110,000. Ita ta raya wannan yanki. Ma'aikata suka kama haya, tankoki suka yi jerin gwano suna jiran lodi, masu abinci da masu faci suka kafa rumfuna, mu ma muka dawo nan da zama. A lokacin ne Baba, wanda ya baro ƙauyensu ta wajen Zonkwa tun yana saurayi ya koyi aiki a cikin gari, ya zo ya kafa tasa rumfar. Ya ce shekararsa biyu yana wanke ƙarafa da miƙa sifana kafin ogansa ya bar shi ya ɗora sukudireba a kan notin iska.

Man gidan mai a lokacin mai kyau ne, don haka yanayi ne ke sa a taɓa saiti. Da hunturu ƙura kan toshe soso, iska ta ragu, mai ya yi yawa, fulogi ya yi baƙi, kuma da asuba sai an ja cok kafin inji ya tashi. Da damina, wadda a kudancin Kaduna ba da wasa take zuwa ba, ruwa kan shiga ta murfin tanki. Da yake ya fi fetur nauyi sai ya kwanta a gindin ƙoƙo, inji ya riƙa tari yana yankewa har sai an kwance notin ƙasa an zubar. Ga kuma tudu. Kaduna tana wajen mita 600 sama da teku, Jos ta kai 1,200. Iskar can ba ta kai ta nan kauri ba, don haka babur ɗin da aka saita daidai a Mararaban Rido, in ya bi ta Kagoro da Manchok ya hau Filato, sai ya yi nauyi ya soma cin fulogi. Shi ya sa Baba, tun wancan lokaci, yakan tambayi mai babur inda ya fi zuwa kafin ya taɓa allura.

Da kiɗa ya canza

A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo tsarin gyaran tattalin arziki na SAP. Darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, motocin haya suka yi ƙaranci. Babur ɗin da aka saya don zuwa aiki da ziyarar 'yan'uwa sai ya koma abin neman abinci, sana'ar acaɓa ta kafu. Fetur kuwa ya kama hawa: kwabo 39.5 a 1986, kwabo 70 a 1991, naira 3.25 a ƙarshen 1993, naira 11 a Oktoban 1994. Tsadar ma da sauƙi a kan rashin. Mutane suka riƙa kwana a layin mai, 'yan bumburutu suka jera galan da kwalabe a bakin titi, a nan gaban matatar da muke hango harshen wutarta da dare. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Man galan shi ya fara lalata kafireta. Ana zuba shi ta mazurarin da ya sha ƙura, daga jarkar da ta kwana a ruwan sama, wani lokaci an sirka shi da kananzir. Kananzir ba ya tashi da wuri kamar fetur, don haka sai an yi ta buga kik, salansa ta yi ta farin hayaƙi, inji na ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Zamanin Abacha har an taɓa shigo da wani fetur mai wari da ya addabi jama'a. Makanikai suka koyi sansana bakin tanki kafin su kwance komai, suka kuma fara yanka tiyon mai suna saka 'yar matata a tsakani don ta tare tsatsa da datti.

A daminar 1994, lokacin da ma'aikatan mai suka shiga dogon yajin aiki kan soke zaɓen 12 ga Yuni, Suzukin mahaifina yana hannuna. Ina acaɓa tsakanin Sabon Tasha da Mararaban Rido don in haɗa kuɗin makaranta. Shekararsa goma sha takwas a lokacin, kuma an daɗe da cire famfon da ke ba injin baƙin mai, don haka a tanki muke haɗa baƙin mai da fetur, kamar yadda ake yi wa Vespa. Na ji abokan sana'a suna zancen wata dabara: a zaro sili ɗaya daga wayar wuta a zura a ramin babban jet, ramin ya ƙanƙance, shan mai ya ragu. Na je wurin Baba. Ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, fetur ɗin nan ba wuta kaɗai yake ba inji ba, yana sanyaya shi. Naka kuma a cikin fetur baƙin mansa yake. Ka rage ɗaya, ka rage duka biyun."

Ban ji ba. Na tafi wata unguwa, wani matashin makanike ya saka mini wayar, ya kuma sauke allura. Mako guda ina murna, don galan ɗin da ke ƙarewa da la'asar ya riƙa kai ni magariba. Sai wani fasinja ya ɗauke ni shata zuwa Kachia, da kayansa a baya. Mun wuce Kufana, muna cikin wani dogon hawa, totur a murɗe, sai na ji wata siririyar ƙara kamar ana kaɗa ƙusa a kwalba. Ƙarfi ya ragu, tayar baya ta ƙame tana jan ƙasa. Allah ya sa na damƙe kuloci, muka gangara gefen titi lafiya. Da na kwance fulogi, bakinsa fari fat kamar alli, zafinsa ya ratsa tsumma ya ƙona mini yatsa. A bayan motar itace aka dawo da mu. Baba ya buɗe inji bai ce uffan ba, ya miƙo mini fistin, gefensa duk ya karce, ringi ya manne. Kuɗin fistin da ringi da gyaran bulok a kasuwar Panteka sun cinye abin da zan tara a wata uku. Garin neman gira na rasa ido. Mahaifina ya zo ya tsaya a kan babur ɗin, ya shafa tankin, ya biya rabin kuɗin, kuma bai taɓa tayar da maganar ba har ya bar duniya.

Daga Jincheng zuwa Boxer

Daga ƙarshen shekarun 1990 baburan China suka shigo, Jincheng a kan gaba, wanda aka ƙera a kan fasalin Suzuki AX100, inji mai bugu biyu. 'Yan kasuwar Nnewi suka riƙa shigo da babura a wargaje ana haɗawa a nan gida, farashi ya sauko, wanda bai taɓa mafarkin babur ba ya mallaka. Bukata ma ta ƙaru. Bayan rikicin Kaduna na 2000 jama'a da yawa sun sauya unguwa, gefen gari ya cika, sababbin unguwanni suka tsiro inda ba kwalta. Masaƙu suka yi ta rufewa, Kaduna Textiles a 2002, UNTL a 2007, kuma da yawa daga waɗanda suka rasa aiki a kan babur suka samu abin kai wa gida.

Kayan gyara suka yi araha, har sayen sabuwar kafireta ya fi zaman jiran a gyara tsohuwa sauƙi. Wannan ya taɓa sana'ar ƙwarai. Yaro ya yi wata shida a shago ya buɗe nasa, abin da ya iya shi ne cire wannan saka wancan. Amma araha ba ta ado. Sai ka ga jet da lambar jikinsa daban raminsa daban, ko fulot da ke shan mai ya nutse, ko allura da ta cinye cikin 'yan watanni. Baba yana da gwangwanin madara cike da tsofaffin jet na Keihin da Mikuni da ya ciro daga matattun babura ya wanke ya adana, kuma har yau daga ciki yake zaɓa idan aiki ya ƙi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Shekarun Jincheng shekarun hayaƙi ne. Ana zuba kowane irin baƙin mai a tanki, har wanda aka juye daga mota, ba tare da awo ba, kuma da yamma shuɗin hayaƙi kan lulluɓe mararrabar har ido na yaji. Sai Boxer na kamfanin Bajaj ya iso daga Indiya a cikin shekarun 2000, inji mai bugu huɗu, baƙin mansa daban fetur ɗinsa daban, shan mansa kaɗan, kujerarsa doguwa. Bai daɗe ba ya ƙwace hanya. Shi ke fito da buhunan citta daga gonakin Kachia da Kwoi zuwa bakin titi, shi ke ɗauko mai naƙuda daga ƙauyen da mota ba ta shiga da damina. Hayaƙi ya ragu, amma wata matsala ta ɓuya. Inji mai bugu biyu in an tauye masa mai yakan kama ba da daɗewa ba, kowa ya ga dalili. Mai bugu huɗu haƙuri gare shi: zai yi ta zafi, baƙin mai ya tsinke, bawul ya ƙone a hankali, sai bayan watanni ya fara rasa ƙarfi, mai shi kuma ya ɗora laifin a kan tsufa.

Shekarun ƙunci

A ranar 1 ga Janairun 2012 lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, aka yi zanga-zanga ta sauko 97. A 2014 gwamnatin Mukhtar Ramalan Yero ta hana acaɓa a cikin birnin Kaduna da wasu manyan garuruwan jihar. A Mayun 2016 lita ta koma 145. A ƙarshen Satumban 2021, saboda 'yan bindiga, gwamnatin Nasir El-Rufai ta hana hawa babur baki ɗaya na wata uku a matakin farko, bayan an riga an hana sayar da fetur a jarka a wasu ƙananan hukumomi, har da Chikun da muke ciki. Babura suka kwanta a zaure da bayan ɗaki. Fetur kuwa in ya daɗe a ƙoƙo, mai sauƙin tashi ya tashi, sauran ya daskare ya zama danƙo, ya toshe ƙaramin jet. Da aka fara fito da su, yawancinsu ba sa tsayawa a silo sai an riƙe totur. Waɗanda suka rufe famfon mai suka zubar da na ƙoƙo kafin su ajiye, su ne suka buga kik suka wuce.

Ba a gama farfaɗowa ba, a farkon 2022 aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Antwerp ta Beljiyam, kamar yadda hukumar NNPC da kanta ta bayyana. Metanol yana jan ruwa, yana kuma cin roba, kuma bakin allurar fulot da tiyon mai duk roba ne. Sannan ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Matatar da ta tara mu a nan kuwa ta yi shekaru ba ta tace mai ba. Ɗan acaɓan da ke cewa a rage masa shan mai gaskiyarsa ce. Lissafin tuwon dare yake yi.

A bencin Baba

Ranar da na yini a wurinsa, wani saurayi ya turo Boxer daga wajen Kujama da wannan roƙo. Baba bai kalli kafireta ba tukuna. Ya sa aka kafe mashin ɗin, ya juya tayar baya da hannu, ta yi zagaye ɗaya ta tsaya, birki na kama ta. Ya danna tayar gaba da babban yatsa, ta lotsa. Ya taɓa sarƙa, ta bushe ta saki. Ya buɗe akwatin iska, soson ya zama jan bulo don ƙura. Ya sunkuya ya shafa gindin ƙoƙo ya nuna wa saurayin yatsarsa a jiƙe. "Ga inda manka yake tafiya, ɗana. Wani yana zuba a ƙasa, wani birki na cinyewa."

Sai da aka saki birki, aka buga iska, aka ja sarƙa aka shafa mata mai, aka wanke soso, aka duba saitin bawul, sannan ya kwance kafireta. Ya canza allurar fulot da bakinta ya cinye, ya wanke jet, ya ɗaga wa rana ya leƙa, kamar yadda mahaifina ke yi. Bayan an mayar, ya jona wani farin tiyo a mazubar ƙoƙo ya lanƙwasa shi sama don ya ga inda mai ya tsaya. Ya ce a zaga da mashin ɗin zuwa kwanar matata a dawo, don ba a saita inji da sanyi. Da ya dawo, aka ɗaure notin iska a hankali har ya taɓa ƙarshe, ba a matse ba, aka kwance shi zagaye ɗaya da rabi. Daga nan ake juyawa kwata-kwata ana saurare, har a kai inda ƙarar inji ta fi tashi ta kuma daidaita, sannan a sauke notin silo. A fizgi totur: in ya shaƙe kafin ya amsa, ko ya daɗe bai sauko ba, mai ya yi kaɗan ko iska na shiga ta robar wuya, in ya yi ɓarɓar da baƙin hayaƙi, mai ya yi yawa. Shaida ta ƙarshe fulogi ne bayan an yi tafiya. Baƙi mai ya yi yawa, fari ya yi kaɗan. Wanda ake nema shi ne mai launin busasshiyar citta.

Saurayin ya ce, "Baba, ba za a sa wayar nan ba?" Baba ya nuna ni da sukudireba ya ce, "Tambayi yayanka." Na ba shi labarin hawan Kufana daga farko har ƙarshe.

Abin da ke tafe

Kafireta ta riga ta bar mota. Makanikan da suka ƙware a kan Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kakuri, sun ga yadda motocin Kwatano masu injekta, wato na'urar da ke fesa mai a madadin kafireta, suka kwashe musu kasuwa, kuma waɗanda ba su koyi sabon aikin ba sun zauna. Babur ma hanyar ke nan. Tun Afrilun 2020 dokar hayaƙi ta Indiya ta tura mafi yawan sababbin baburan can zuwa injekta, ko da yake waɗanda ake turo mana har yanzu masu kafireta ne, ga kuma baburan lantarki masu batir sun fara leƙowa a manyan birane. Injekta ta fi auna mai daidai, amma tana son fetur mai tsabta da batir mai rai da na'urar bincike, abubuwan da ba a samu a Idon ko Kufana da tsakar damina. Kafireta kuwa ana kwance ta a gindin bishiya da sifana ɗaya da sukudireba. Za ta daɗe tana ɗaukar citta da marasa lafiya a wannan yanki.

Don haka ina roƙon ƙungiyoyin makanikai da na masu acaɓa da makarantun koyon sana'a na jihar nan su haɗa hannu tun masu wannan ilimi suna raye. A koya wa yara na'urar injekta, a kuma zaunar da su gaban irin su Baba. A faɗa wa duk mai hawa babur cewa tsimin mai yana cikin soso da taya da birki da sarƙa, kuma wayar da ke cikin jet bashi ce da inji zai biya.

Kunnen Baba ya fara nauyi. Na lura yanzu yakan ɗora tafin hannunsa a kan tanki yayin saiti, yana jin da fata abin da kunne ya fara rasawa. A kan Boxer ɗin nan ma ba shi ya yi juyin ƙarshe ba. Ya miƙa sukudireba ga ƙaramin yaron shagonsa, wanda ya shekara biyu yana wanke ƙarafa, ya ce, "Kada ka kalli hannunka, yaro. Saurara." Yaron ya karkata kai, ya juya kwata, ya ƙara kwata, ya dawo baya kaɗan, ya tsaya. Hannun Baba na kan tanki. Ya ɗan jima, sannan ya gyaɗa kai ya ce wa mai mashin ya je Kujama ya dawo a duba fulogi.